Shin 'Yan Mishan da Turawan Mulki Bakinsu Ɗaya?

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana cewa 'yan mishan 'yan koren Turawan mulkin mallaka ne. Haka abin yake a Arewacin Najeriya?

Amsa: Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin sai da Turawa suka ci ƙasar Hausa da yaƙi sannan mishan ta samu wurin zama a cikinta. A 1900 ayarin 'yan mishan na Bishop Tugwell ya isa Kano, amma Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba.

Duk da haka, ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba. A 1903 Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa, ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, kuma saboda mulkinsa ya dogara ga sarakuna, jami'ansa suka riƙa takaita wa'azin mishan a masarautu. Likita Miller, ɗan mishan da ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya sha sukar wannan manufa, daga baya kuma aka mayar da tashar mishan ɗinsu Wusasa, a wajen birnin.

Saboda haka ƙarfin mishan ya karkata ga al'ummomin Filato da kudancin Zariya, inda ta buɗe makarantu da asibitoci. A ganina, abin takaici shi ne yadda aka raina al'adun mutanen nan, aka kira su duhun kai tun kafin a fahimce su.