Amsa ga mai son gyara matakan tike a Jira

Salamu alaikum. Ɗan'uwa da ka ce kana son ƙara matakin jiran gwaji tsakanin En cours da Terminé, kuma tsohon matakin da kake son cirewa ya ƙi goguwa, ba rezo ba ne ba kuma ordinatarka ba ce. A Jira da muke aiki da ita a buronmu nan Yamai, wato lojisiyel ɗin bin sawun ayyuka inda kowane aiki ke da tikensa, in tsarin matakan yana aiki a wani proje, buruyon kawai take buɗe maka, wato zubin gyara da bai fara aiki ba tukuna, za ka iya ƙara mataki amma ba ta barinka ka goge wanda ke nan saboda tikitocin da ke zaune cikinsa.

Abin da nake yi, ina kopin tsarin gaba ɗaya in gyara kopin yadda nake so, sannan in ɗaura shi ga projen. Nan za ta tambaye ka tikitocin tsohon matakin ina za su koma, ka zaɓa da natsuwa. Sai kana admin, in ba haka ba ma ba za ka ga wurin ba.

Amma wallahi ba nan mutane ke shan wahala ba. Ka ƙara mataki, ka buga Publier, ka koma tablon da ke jera tikitoci kolon-kolon ka ga tikitoci sun ɓace, ma'aikata sun fara kiran waya wai aikinsu ya salwanta, alhali yana nan lafiya lau, sabon matakin ne ba ka sa shi ƙarƙashin wani kolon ba a saitin tablon. Sai maganar Résolution, wato gurbin da ke nuna an warware tike, wadda ita ta fi ci mini rai. In hanyar da ke kai tike zuwa Terminé ba ta cika gurbin nan ba, Jira tana ƙirga shi cikin aikin da ba a gama ba, ƙarshen wata shef ya jawo rapor ya ga aiki jibge, ga yara sun yi ta kwana buro sun gama shi. Haka in an sake buɗe tike, a sa hanyar ta share gurbin.

Kar ka canja sunan mataki da garaje, sunan na kowa ne, duk projen da ke amfani da shi zai canja.

Shi kuma jiran gwajin, ina roƙonka kafin ka taɓa komai ka zauna da mutanenka, ku ɗauki takarda da bik ku zana, ku ce wane ne zai ɗaga tike daga nan, don na ga matakin da aka ƙara ba a ba kowa shi ba, tikitoci suka taru ciki kowa na cewa ba nasa ba ne. In kun tsaida mutum, sa sharaɗi a hanyar fita ta yadda masu gwaji kaɗai ke ganin maɓallin. Ka gwada a wani projen da babu aiki ciki tukuna, kuma ka buga Publier da yamma bayan an tashi.