Injin MGB don tseren tsofaffin motoci: daga ina za a fara?

Malam, ka ce ka sayi motar MGB (ta kamfanin MG na Birtaniya) ƙirar 1965 a Ingila, kana son ka faɗaɗa silindojin ka shiga tseren tsofaffin motoci. Dakata tukuna, kada ka taɓa bulok ɗin, wato gangar jikin injin, sai ka karanta dokar ajin da za ka shiga. Idan a ƙarƙashin Appendix K ne, wato dokokin tseren tsofaffin motoci na FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, faɗaɗawa tana da iyaka, kuma ƙarfen da aka ci ba ya dawowa.

Injin naka cc 1798 ne. Duba lambarsa: injin da lambarsa ta fara da 18GB na da mazaunin kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) 5, na gabaninsa 3, kuma mai 5 ya fi jure wahalar gudu.

Ni abin da ya fi damuna shi ne kan injin, wato marfin da ke rufe saman silindoji. Silinda ta 2 da ta 3 ƙofar hayaƙi ɗaya suke amfani da ita, zafi na taruwa a tsakiya, nan yake yawan tsagewa. Na taɓa wanke wani kan injin fes da kananzir, ido bai ga komai ba, sai gwajin maganaɗisu ya nuna tsaga siririya kamar gashi. Wannan gwajin, da daidaita nauyin kiranshaf da fistin, aikin ƙwararrun masu injin yanka ƙarfe ne, kar ka yi shi a gida.

Kwanon baƙin mai kuwa a walda masa shinge a ciki, domin a kwana mai kaifi man yana guduwa gefe, famfo ya zuƙi iska, metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kansa ya ƙone.

Ranar tayarwa ta farko ka zuba baƙin mai da ke da sinadarin zinki, ka riƙe injin wajen juyi 2000 a kowane minti, har tsawon minti 20. Barin sa a silo yana cinye sabon kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul.