Amsa kan zaɓen kalmar da ta fi dacewa a jarrabawar Hausa ta JAMB

Assalamu alaikum. Ƙanwata, kin ce ke haifaffiyar Jos ce, da Hausa kika buɗe baki, amma idan kina gwada tsofaffin tambayoyin JAMB, inda ake neman jimlar da ta fi daidai ko kalmar da za ta cike gurbi, sai amsoshi biyu su yi miki daidai, kuma wadda kika ɗauka ita ce ke zama kuskure. Na jima ina koyar da masu shirin wannan jarrabawa a wajen Unguwar Rogo, kuma kowace shekara da irin wannan kuka ɗalibai suke zuwa mini.

Kunnenmu ne ke kayar da mu. Hausar da muke ciniki da ita a kasuwar Taminus ba abar rainawa ba ce, to amma masu jarrabawa daidaitacciyar Hausa suke tambaya, wadda aka gina bisa karin harshen Kano, kuma inda muka fi saɓa mata shi ne jinsi. Wanda ya saba jin "matana ya dawo" ba zai ji komai ba idan an rubuta "motan ya lalace", alhali "motar ta lalace" ake nema. Kada kuma ki riƙe cewa duk sunan da ya ƙare da wasalin "a" mace ne, domin gida, ruwa, nama da suna duk maza ne, su kuwa garuruwa mata ne, shi ya sa ake cewa Jos ta cika. Haka nan bayan "da" mai bayani ba a cewa "yaran da sun zo", sai dai "yaran da suka zo".

Inda aka fi samun tangarɗa kuwa shi ne kalmomi masu kusancin ma'ana. Na taɓa rubuta wa ajina "Audu ya ... naira dubu biyar a wurin yayansa", sai yawancinsu suka zaɓi "ari". Na karɓi biron wata yarinya da ke gaba, na ce idan zan mayar mata da wannan biron da kansa, aro na yi, idan kuwa ta ba ni kuɗi na kashe, daga baya na kawo mata wasu a madadinsu, rance na yi. Saboda haka "ranci" ce amsa. Irin wannan bambanci ne ke tsakanin girbin dawa, roron wake da tonon dankali, da kuma tsakanin wanka, wanki da wanke-wanke. Abin da aka yi aikin a kansa shi ke zaɓar aikatau, don haka ki fara duba shi kafin ki dubi gurbin.

Sai ƙa'idojin rubutu, waɗanda rubutun waya ya gama lalata mana. Ana raba "ya ba ni", ana haɗe "motarsa" da "suna" na cikin "suna zuwa", kuma lanƙwasa kaɗai ce ta raba "ƙasa" da "kasa".

A zauren jarrabawa tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 40 daga ciki na Hausa, wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya idan aka raba daidai, babu lokacin maimaita jimla a zuci sau biyar. Abin da nake sa ɗalibaina su saba da shi tun a gida shi ne su rufe amsoshin da hannu, su cike gurbin da kansu, sannan su buɗe. Idan biyu suka rage, kada su zaɓa sai sun iya faɗin takamaiman laifin wadda za su yar, ko jinsi ne, ko ma'ana, ko rubutu.

Ki turo tambayoyi biyar daga cikin waɗanda kika yi kuskure a kansu, tare da amsar da kika zaɓa a kowace, in duba in ga wanne daga cikin ukun nan ya fi kama ki. Allah ya ba da sa'a.