Amsa ga 'yar'uwar da ta ce ba ta iya tuna yarintarta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwar da ta turo tambaya ta hannun admin, wadda ta ce daga shekara bakwai zuwa sha biyu ba ta tuna komai na rayuwarta, ga mantuwa ta addabe ta, ga faɗuwar gaba da zarar maigida ya ɗaga murya, take tambaya ko aljanu ne ko wahalar da ta sha a gidan riƙo: wallahi ina cikin karantawa na ajiye wayar na sha kuka. Kamar zuciyata kika leƙa kika rubuta.

Ni ma 'yar riƙo ce. Rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 a Kakuri ya same mu, ina da shekara tara. Kun dai san yadda aka yi. Shagon Baba ya ƙone, muka tsallako gada zuwa Tudun Wada, mu takwas a ɗaki ɗaya, shi ne aka ba wa Goggo ni, yayar Baba, wai a rage nauyi. Shekara shida na yi a gidanta a Rigasa. In kika ce in jero miki labarin shekarun nan ba zan iya ba. Ba na tuna malamar ajinmu, ba na tuna Sallah ko ɗaya. Amma akwai rana guda da ta ƙi barina. Naira hamsin ta ɓata a ƙarƙashin filonta, ta ce ni ce. Ta zane ni da wayar rediyo, ta kulle ni a sito tun bayan azahar har aka idar da isha'i. Ina jin warin daddawa da kananzir, ina kallon ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa, ina jin 'ya'yanta suna cin tuwo suna dariya. Fitsari ya matse ni, na buga ƙofa har na gaji, a tsaye na yi shi. Washegari kuɗin suka fito a aljihun ɗanta. Ko sannu. Cewa ta yi ai ko ban ɗauka yau ba zan ɗauka gobe. Har yanzu in na shaƙi kananzir a rufaffen ɗaki sai ƙafafuna sun yi sanyi. Abin da ke ƙona min rai, in mun haɗu a biki sai ta riƙa nuna ni tana cewa ita ta yi min tarbiyya. Kuma ni ce mai kai mata sukari da gero duk azumi. Allah ya yafe mana, amma ba zan yi miki ƙarya in ce na huce ba.

Maganar aljanu kuwa, ni ma an yi min ruƙiyya, na sha rubutu, kuma ban raina addu'a ba. Sai bayan haihuwata ta biyu abin ya ta'azzara: tukunya ta ƙone a kan wuta har sau uku a mako ɗaya, ranar nan na manta ban ɗauko babbar daga Islamiyya ba sai da magariba ta yi. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Na yi ta noƙewa, kin san mutanenmu, da an ce Barnawa shi ke nan an maishe ki mahaukaciya. Da na je, mata irina na tarar a kan benci da hijabansu, wata ma malamar makaranta ce.

Ga yadda likita ta yi min bayani. Yaron da kullum yake cikin tsoro, jikinsa yana ta zubo wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke shirya mutum ya gudu ko ya kare kansa. Na ɗan lokaci ba laifi. Amma in ya zama shekara da shekaru, yakan taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke adana abubuwan da suka faru, hifokamfus suke ce masa, shi kuma ɓangaren da ke lura da haɗari sai ya koma maigadin da ba ya runtsawa. Shi ya sa shekarun suka ɓace miki amma tsawa ɗaya take kaɗa miki hanji. Mantuwar yau da kullum ma, hankalin da ke gadi ba ya riƙe inda aka ajiye makulli. Ta kuma ba ni labarin binciken da aka yi a Amurka daga 1995 zuwa 1997 kan mutum sama da 17,000: waɗanda suka haɗu da wahala iri huɗu ko fiye suna yara, kamar duka, zagi, rigimar iyaye, sun ninka waɗanda ba su haɗu da ko ɗaya ba sama da sau huɗu a kamuwa da ciwon damuwa.

Ki je a duba ki, 'yar'uwa, amma ki fara da gwajin jini, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna kawo mantuwa da bugun zuciya. Kuma kar ki matsa wa kanki sai kin tuno abin da ya shige, ni na gwada, kwana uku ban yi barci ba. Barcin ma shi ne rabin maganin. Ni wata takwas na yi ina shan ƙwaya ina zuwa ana zama da ni ana hira, kuma hirar ta fi yi min amfani. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta komai, nawa yana kan firiji. Maigidan kuma ki same shi lokacin da yake cikin nishaɗi ki ce masa, "Baban yara, in ka ɗaga murya jikina rawa yake." Nawa da farko ya ce shagwaɓa ce, sai da ya raka ni asibiti sau ɗaya.

Masu cewa rashin tawakkali ne, Annabi Yaƙub (AS) baƙin ciki sai da ya farantar da idanunsa, yana nan cikin Suratu Yusuf. Ku kuma masu ba da 'ya'ya riƙo, don girman Allah ku riƙa zuwa ba sanarwa, ku keɓe da yaron ku tambaye shi. Sau biyu Baba ya zo a shekara shida, kuma duk a gabanta ya tambaye ni ko lafiya.

In kina so ki yi min magana ta inbox, ranar Talata ina da ganin likita, sai mu tafi tare.