Amsa kan shan ruwa a azumin Lent

Salama dai 'yan uwa. 'Yata, na saurari muryarki, kina tambaya wai mai azumin Lent, wato azuminmu na Kirista na kwana 40 kafin bikin Ista, zai iya shan ruwa. Ki sha. Cikin wannan zafin na Maris ba wanda ya ce ki kashe kanki da ƙishi. Amma ni na san ba ruwan ne ya dame ki ba. Abokan aikinki ne suka ce namu ba azumi ba ne, tunda su daga asuba har faɗuwar rana ko ɗigo ba ya shiga bakinsu. To nasu daban, namu daban, kowa da abin da aka ɗora masa, ba gasa ake ba.

A wurinmu Katolika ranakun azumin dole biyu ne, Larabar Toka, ranar da ake fara Lent, da Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu. Ki ci ki ƙoshi sau ɗaya, sai ɗan taɓawa sau biyu wanda in an haɗa bai kai na farkon ba. Wannan daga shekara 18 ne zuwa 59. Barin nama kuma daga shekara 14, kowace Jumma'a har a gama kwana 40 ɗin. Au, na ce 40, in kin ƙirga da yatsa daga Larabar Toka zuwa Asabar ta jajibirin Ista 46 za ki samu, sai ki cire Lahadi 6, don ba a azumi ranar tashin Ubangiji. Mara lafiya da mai ciki da mai goyo ba su ciki.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganar kifin nan. An ce ki bar nama amma ba a hana kifi ba, sai ki je kasuwa ki ɗauko ƙatuwar tarwaɗa da ta fi kilon nama tsada, a yi farfesu, a lashe yatsu, wai an kiyaye Jumma'a. Me kika bari kenan? Kuɗin naman nan na gwauruwar da ke bayan gidanki ne, ko na yaron da aka koro gida saboda kuɗin makaranta.

Kuma tunda an zo nan bari in faɗa. Akwai wani mutum a unguwarmu ta da, ba zan kira suna ba. Larabar Toka shi ne farkon layi, Fada ya shafa masa tokar ganyen dabinon bara, ya ce masa kai turɓaya ne, ga turɓaya za ka koma. Ya wuni da ita a goshi kowa na gani. Amma yarinyar da ke masa wanke-wanke, 'yar ƙanwata ce, wata uku bai ba ta ko sisi ba. Wata uku! Na je har sau biyu, ya ce in bari sai bayan Ista, yanzu yana cikin addu'a. Ista ta zo ta wuce. Yarinyar nan da ƙafa ta... kai, a bar shi, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ki buɗe Littafi Mai Tsarki, Ishaya sura 58, ki karanta, maganar masu azumi suna danne ma'aikatansu tana nan, ba ni na ƙaga ba.

Saboda haka ki sha ruwanki, 'yata. Jumma'a da yamma kuma ki zo Hanyar Gicciye, addu'ar tuna tafiyar Yesu zuwa gicciye, tsayawa 14 ce, ki zo da ɗan zanen durƙuso don simintin cocin yana da zafi. In kin taso aiki ki biyo ta gidana mu tafi tare.