Mai saye daga Jamus ya aiko min da takarda kan ma'aikata, in sa hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kurna, ina da sito a Dawanau, sana'ata zoborodo da riɗi. Shekara huɗu ina sayar wa masu fitarwa a Legas, sai bana Allah Ya haɗa ni da wani kamfani na Jamus kai tsaye. Mun gama magana kan farashi, sai ga doguwar takarda wai in cike: shekarun ma'aikatana, awa nawa suke yi, nawa nake biya, ko akwai yara a wurin, har da nauyin buhun da 'yan dako ke ɗauka. Ma'aikatana na dindindin 18 ne, sai mata masu tsinta da nake biya kan buhu. Wani abokina ya ce in rubuta "eh" ko'ina in sa hannu, wai Turawa ne suka ƙirƙiro abin don su takura mana. Wa ke tsara dokokin nan, kuma yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya sanya albarka a wannan ƙofa da ta buɗe maka.

Kada ka bi ta abokin nan naka. Irin wannan takarda kan zo ne haɗe da sharaɗin cewa mai saye na iya turo mai bincike har sitonka. Ka ƙaddara ya shigo ranar da ake tsinta: an shimfiɗa tampol, mata sun zazzauna da faifai suna cire tsakuwa da kara daga zoborodo, ƙura ta turnuƙe, ga wata yarinya 'yar shekara goma gefen uwarta tana taya ta don buhu ya cika kafin la'asar. Kai ka san ba kai ka ɗauke ta aiki ba, biyo uwarta ta yi. Shi mai binciken hoto zai ɗauka, ya ajiye kusa da sa hannunka inda ka ce babu yaro ko ɗaya. A lokacin ƙila kwantenarka tana kan ruwa, sauran kuɗinka kuma na hannunsu. Gara ka rubuta "a'a, amma ga gyaran da nake yi", domin yawancin masu saye sun fi jure wa gyara a kan ƙarya.

Dalilin da ya sa suka matsa kuwa, su ma matsa musu aka yi. Jamus ta yi doka da ta fara aiki a Janairun 2023 kan kamfanoni masu ma'aikata 3,000, daga 2024 ta sauko kan masu 1,000, cewa dole su san halin da ma'aikata ke ciki a wurin masu kawo musu kaya. Ko mai sayenka ƙarami ne, wanda yake sayar wa babba ne, tambayar ce ta gangaro har ta iso Dawanau.

Maganar cewa Turawa ne suka ƙirƙiro, akwai ƙamshin gaskiya a farkonta kawai. Kusan duk tambayoyin da ke takardar nan daga yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, aka ɗebo su. An kafa ta a 1919, muna ƙarƙashin mulkin mallaka, ba wanda ya nemi ra'ayinmu. Amma Najeriya ta shiga a 1960, kuma shugaban ƙungiyar tun Oktoban 2022 ɗan Togo ne, Gilbert Houngbo, ɗan Afirka na farko a kujerar.

Abin da 'yan kasuwarmu da yawa ba su sani ba shi ne yadda ake zaman. Duk shekara a watan Yuni ana taron ILO a Janiba ta ƙasar Suwizalan, kowace ƙasa da wakilai huɗu: biyu na gwamnati, ɗaya na ma'aikata, ɗaya na masu ɗaukar ma'aikata. Kowa da ƙuri'arsa. Wakilin masu kamfanoni na iya jefa tasa saɓanin ta ministan ƙasarsa, ba wanda zai ce masa don me. Yarjejeniya ba ta wucewa sai da kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da aka jefa, kafin nan kuma a kwamiti ake ta ja-in-ja a kan kowane layi, kamar ana cinikin shanu a kasuwar Wudil. Ko ta wuce, ba ta hawa kan ƙasa sai ƙasar ta amince da ita da kanta. Yarjejeniya mai lamba 138 kan mafi ƙarancin shekarun fara aiki da mai lamba 182 kan munanan ayyukan yara, Najeriya ta amince da su a 2002, ta kuma zaɓi shekara 15. Kenan abin da Bajamushen nan ke tambayarka, alƙawari ne da ƙasarka ta riga ta ɗauka.

To wa ke zama a kujerarmu? Ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta Najeriya, NECA, wadda aka kafa a 1957, hedikwatarta na Legas. Can a Janiba tana haɗuwa da takwarorinta ƙarƙashin IOE, ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta duniya da ta fara tun 1920. A nan ƙorafina yake, kuma ba da su nake ba, da mu nake. Waɗanda suka fi cika irin waɗannan ƙungiyoyi bankuna ne da manyan masana'antu, masu ofishin kula da ma'aikata da lauyoyi. Mai sito a Dawanau, da baduku a Ƙofar Wambai, da mai shagon ɗinki a Fagge ba sa zuwa. Sai a yi wa mutum aski ba ya nan, daga baya ya zo yana cewa askin bai yi masa ba.

Ka dubi mafi ƙarancin albashi na ƙasarmu don ka ga zaman na da amfani. A 2024 kwamitin mutum 37 ne ya zauna, gwamnati da 'yan ƙwadago da masu kamfanoni. Aka tashi 'yan ƙwadago na kan naira 250,000, gwamnati da kamfanoni na kan 62,000, daga ƙarshe aka tsaya a 70,000 a watan Yuli. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, haka ma masu aikin da ake biya kan adadin abin da suka yi. Kafin 2019 iyakar mutum 50 ce, aka rage ta. Kai da ke da 18, saura mutum bakwai ka shiga, kuma dokar 2024 ta ce a riƙa sake zama duk bayan shekara uku. Sai dai ka lura, rangwamen doka bai ɗaure mai saye ba. Yana iya cewa shi dai 70,000 yake son gani a takardar albashinka.

Yanzu abin yi. Yara ƙasa da shekara 15 su daina taɓa kayan, ko da taya uwa ne. Kada ka kori uwar, ka rasa hannun da ya ƙware. Ka ware inuwa can gefe da tabarma inda ƙananan za su zauna nesa da ƙura, ka ɗan ƙara kuɗin buhu yadda ba sai an taya ta ba. Buhu mai kilo 100 a wuyan ɗan dako shi ne na biyu da zai ja maka magana, don shawarar ILO tun 1967 ita ce a rage abin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai zuwa kilo 55. Ka koma buhu mai kilo 50, ko ka sayi baro. 'Yan dako za su yi gunaguni da farko tunda kan buhu ake biyansu, sai ku zauna da shugabansu ku daidaita lissafin kan nauyi.

Sauran aikin littafi ne da biro. Kowane ma'aikaci na dindindin a ba shi takardar sharuɗɗan aiki, dokar ƙwadagonmu ma ta ce cikin wata uku da farawa. A buɗe rajista ta shiga da fita da abin da aka biya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. A sayi takunkumin hanci da akwatin magani. Ka yi rajista da NSITF, asusun gwamnati mai biyan diyyar raunin da aka ji a wurin aiki, kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ake biya: in albashin wata miliyan ɗaya da rabi ne, naira 15,000 kenan, kuma ranar da buhu ya faɗo wa wani, akwai inda za a nemi diyya ban da aljihunka.

Duk wannan kuɗi ne, kada ka haɗiye shi kai kaɗai. Ka tara shi, ka raba kan tan nawa za ka fitar a kakar, ka rubuta wa mai sayen cewa ga abin da sharuɗɗansa suka ƙara a kowane tan. Tunda ba a loda kaya ba tukuna, bakin ciniki bai rufu ba.

Sannan ka yanki katin KACCIMA, ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, ka riƙa zuwa taro, ka kai maganar nan gaban shugabannin ƙungiyarku ta kasuwa su rubuta matsaya ɗaya kan aikin tsinta da dako, a aika wa NECA da ofishin ILO na Abuja. Takardar kuma ka nemi su ba ka sati biyu. In ka cike da fensir, ka turo min in duba kafin ka sa hannu.