Ramin bugu uku ba tare da yashi ba

Malam, ka tambaya ko ramin bugu uku a wasan golf, wato ramin da ake sa ran jefa ƙwallo cikinsa da bugu uku, zai yi armashi in babu tarkon yashi, wato kwarin yashin da ake haƙawa don ya kama ƙwallo. Sosai ma kuwa! Filin Royal Ashdown Forest na Ingila ba shi da ko ɗaya, amma rafi da ciyawar daji sun hana 'yan wasa sakat.

Mu nan Jos Allah ya hore mana duwatsu da gangara, ga kududdufan haƙar kuza a wajen Rayfield. A ɗora ramin kan tudu, a aske ciyawar gefe ƙwal. Ƙwallo ta kauce taku biyu, sai ta gangara ƙasa kana kallo, ga iskar hunturu tana karkatar da ita. Ni na fi son haka, don ruwan Agusta wanke yashi yake yi, kullum sai an sake zubawa.